Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabar Kwamitin Olamfik Na Duniya, Kirsty Coventry, Kan Wasan Pikilbol

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu masu wannan wasiƙa masu horarwa ne da alƙalan wasan pikilbol. Mun san ƙungiyoyin da ke iƙirarin shugabancin wasan nan a duniya ba su da burin da ya wuce kwamitinki ya amince da su. Roƙonmu zai ba wasu abokan aikinmu haushi, amma gara a faɗa: kada ki yi gaggawar amincewa da ko ɗaya daga cikinsu. Maimakon haka, ki sa a rubuta musu sharuɗɗa a fili, kowa ya gani, tare da wa'adin cika su. Shirun kwamitinki ne ke ba kowace ƙungiya damar gaya wa mambobinta cewa ita ce ke dab da ƙofa.

Babu mai musun cewa wasan ya yi girma. A 1965 aka ƙirƙiro shi a tsibirin Bainbridge da ke jihar Washinton ta Amurka, inda Joel Pritchard, wanda daga baya ya zama ɗan majalisar wakilai, da abokansa Bill Bell da Barney McCallum suka haɗa filin badminton, da mabugai na katako, da ƙwallon roba mai huji don yara su samu abin yi. Sai a 1984 aka samu ƙungiyar ƙasa da littafin dokoki na farko. Ƙungiyar masana'antun kayan wasanni ta Amurka, SFIA, ta ƙiyasta masu buga shi a ƙasar da miliyan 4.8 a 2021, miliyan 8.9 a 2022, miliyan 13.6 a 2023, sannan miliyan 19.8 a 2024. Jihar Washinton ta ayyana shi wasanta na hukuma a 2022. Ya kama sosai a Kanada da Indiya da Biyetnam da Malesiya, an yi gasar kofin duniya a Lima ta ƙasar Peru, an kuma nuna shi a matsayin wasan gwaji a gasar wasannin Afirka da aka yi a Akara a watan Maris na 2024.

Dalilin yaɗuwar ba boyayye ba ne. Filin ƙafa 20 ne a faɗi, 44 a tsawo, wato mita 6.10 da mita 13.41, daidai da filin badminton na 'yan bibbiyu. Harabar tanis guda tana ɗaukar filaye huɗu idan an matsa, mutum 16 ke nan suna wasa a wurin da a da mutum biyu ko huɗu ke yi. Raga tana da tsayin inci 36 a gefe, 34 a tsakiya. Ana fara wasa da bugu daga ƙasa, ba a ɗaga hannu sama kamar a tanis, shi ya sa wanda bai taɓa riƙe mabugi ba yake iya shiga wasa a yinin farko. Sai dai waɗancan miliyoyin lissafin ƙasa ɗaya ne, kuma yawancinsu masu motsa jiki ne, ba 'yan gasa ba. Wasan da za a rataya wa mutum lambar zinare a kansa, tambayarsa daban ce: shin abin da aka buga a Lima shi ne aka buga a Akara, da doka ɗaya, da kayan aiki da aka auna da ma'auni ɗaya? A yau amsar ita ce a'a.

Mu fara da shugabanci, domin nan ne tushen sauran. An kafa ƙungiyar duniya ta farko, International Federation of Pickleball (IFP), a 2010. An kafa ta biyu, World Pickleball Federation (WPF), a 2018. A 2022 ƙungiyar USA Pickleball, wadda littafin dokokinta ne kusan kowa ke amfani da shi, ta fice daga IFP tare da wasu ƙasashe, a 2023 kuma aka kafa ta uku, Global Pickleball Federation (GPF), da goyon bayanta. Daga baya biyun farko sun sanar da haɗewa, wanda abin yabo ne, amma hakan bai mayar da gidan ɗaya ba. Ba a sarki biyu a gari ɗaya, kuma tsarin kwamitinki ma ƙungiyar duniya guda yake amincewa da ita ga kowane wasa. Rabuwar ta sama tana gangarowa ƙasa: a Indiya ƙungiyoyi biyu ne suka yi ta jayayya kan wace ce ta ƙasa. Idan kowace ƙungiyar duniya tana yi wa wata ƙungiya daban rajista a ƙasa guda, to jerin ƙasashen da kowacce ke alfahari da shi ba ya nuna komai. Mun roƙi a riƙa ƙirga ƙasa ne kawai idan ƙungiyarta tana da tsarin mulki a rubuce, tana zaɓen shugabanni, tana gasar ƙasa duk shekara ta maza da ta mata, kuma kwamitin Olamfik na ƙasar ko ma'aikatar wasanninta ya san da zamanta. Mutum uku da shafin intanet ba ƙungiyar ƙasa ba ce.

Kwamitinki ya sha wuya da dambe: an janye amincewa daga ƙungiyar dambe ta duniya, IBA, a watan Yunin 2023, sai da aka kai 2025 kafin sabuwar ƙungiya, World Boxing, ta samu amincewar wucin gadi, dambe ya tabbata a gasar Olamfik ta 2028. Korar ƙungiya bayan an rungume ta ta fi ƙin karɓarta tun farko wuya nesa ba kusa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai kuma wani iko da ba na ƙungiyoyin nan ba. Manyan 'yan wasa, irin su Ben Johns da Anna Leigh Waters, suna ƙarƙashin kwantiragin kamfanoni masu zaman kansu. Biyu daga cikin kamfanonin da ke shirya gasar ƙwararru, PPA da MLP, sun haɗe a 2024 a ƙarƙashin uwar ƙungiya mai suna UPA, wadda ke da nata sashen tantance mabugai. Duk ƙungiyar da ta zo neman amincewa, a tambaye ta takardar yarjejeniya da ke nuna cewa kamfanonin za su saki 'yan wasansu don gasannin share fage da na duniya. In ba ta da ita, to tana mulkin wasan ne ban da gwanayensa.

Batun mabugi shi ne ya fi damun mu, kuma ke ce kika fi kowa cancantar fahimtarsa. Kina cikin masu ninƙaya a shekarun rigunan roba, kin ga gasar duniya ta Rum a 2009 inda aka kafa sabon tarihi har sau 43, kin kuma ga yadda aka haramta rigunan daga farkon 2010. Pikilbol yana cikin irin wannan zamanin yanzu.

Doka ta ce tsawon mabugi da faɗinsa idan an haɗa kada su wuce inci 24, tsawon kaɗai kuma kada ya wuce inci 17. Wannan awo ne mai sauƙi, da tef ake yi. Matsalar tana ciki, inda ido ba ya gani. Mabugin zamani cikinsa roba ce da aka ƙera kamar saƙar zuma, an lulluɓe ta gaba da baya da siririn zaren kabon, a yawancin sababbin kuma an gasa duka da zafi a cikin mazubi don su zama jiki ɗaya. Bayan an daɗe ana dukan ƙwallo, ɗayan abu biyu na iya faruwa: ko fatar saman ta ɓamɓare daga cikin, ko ramukan saƙar zumar su murƙushe a daidai tsakiyar. Ko wanne ya faru, fuskar mabugin takan riƙa lotsawa ta dawo kamar katifar tsalle, ƙwallo ta fita da gudun da ya wuce wanda aka auna lokacin da yake sabo. Alƙali mai kunne yakan ji sautin ya sauya, in kuma ya danna tsakiyar da manyan yatsunsa biyu yakan ji ɗan ƙaras-ƙaras. Amma kunne da yatsa ba hujja ba ne a gaban kotun wasanni ta duniya da ke birnin Lozan na Suwizaland. Ga kuma masu gaggauta lalacewar da gangan, ta hanyar matsa mabugin ko ɗumama shi.

Ki dubi abin da hakan ke nufi a fili. Kowane gefen raga akwai yanki mai zurfin ƙafa 7 da 'yan wasa ke kira kicin, wanda ba a yarda mutum ya tsaya cikinsa ya bugi ƙwallo tun tana sama ba. Mafi yawan wasan 'yan bibbiyu a bakin layin nan ake yin sa, mutum huɗu suna fuskantar juna da tazarar ƙafa 14 kacal, kimanin mita 4.3. A ce ƙwallo ta taso da gudun kilomita 60 a awa: cikin kusan rubu'in daƙiƙa ta iso ƙirjin wanda ke gaba. Ƙarin gudu kaɗan daga mabugi ya isa ya kashe abin da ya bambanta wasan da tanis, wato lallaɓa ƙwallo ta faɗa cikin kicin a hankali, ana jan juna har wani ya yi kuskuren ɗaga ta. Ya kuma isa ya fasa wa mutum ido.

USA Pickleball ta cire wasu mabugan kamfanin JOOLA daga jerin waɗanda ta amince da su a 2024, ta kuma shigo da sabon gwaji da ke auna ƙarfin da mabugi ke mayar wa ƙwallo. Mataki ne mai kyau. Amma muddin akwai jerin amincewa biyu, mabugin da ya halatta a wannan gasa yana iya haramta a waccan, ɗan wasan da ya zo daga nesa da mabugai biyu a jaka shi ne zai sha kunya. Abin da ya kamata ki nema a nan a bayyane yake. Ma'auni ɗaya na ƙarfin mayarwa da na kaushin fuska, tunda kaushin ne ke sa ƙwallo murɗawa. Ɗakin gwaji mai zaman kansa, wanda ba ya cin abinci daga kuɗin rajistar kamfanonin da yake aunawa. Gwaji biyu a ɗakin, ɗaya a kan sabon mabugi, ɗaya bayan inji ya dake shi sau dubbai. Sannan gwaji a filin gasa: a auna kafin wasa, a manna hatimi, a ajiye mabugin a hannun jami'ai har lokacin shiga fili, a sake auna na waɗanda suka ci lambar yabo. 'Yan ƙwallon tebur sun bi wannan hanyar lokacin da suka haramta gam mai ƙara gudu a 2008, kuma har yau suna duba mabugai a wurin gasa.

Ita ma ƙwallon tana da nata halin. Nauyinta tsakanin gram 22.1 ne da 26.5, hujinta daga 26 zuwa 40. Ta cikin ɗaki manyan huji gare ta 'yan kaɗan, ta waje ƙanana masu yawa don iska kada ta kwashe ta. Idan an sake ta daga tsayin inci 78 a kan dutsen gwaji, dole ta yi tsallen inci 30 zuwa 34. Sai dai roba ce: da sanyi takan yi tauri ta tsage, da zafi takan yi laushi ta mutu a ƙasa, bayan duka mai yawa kuma takan daina zama kewayayya ta riƙa karkacewa. Gasar duniya na buƙatar a sanar da irin ƙwallon watanni kafin lokaci, a kuma ƙayyade bayan wasa nawa ake sauya ta, kamar yadda tanis ke yi. Mu a ganinmu, gasar lambar yabo a rufaffen wuri ya kamata a yi ta, domin ƙwallo mai gram 26 wasan iska ce.

Sai lissafin maki. A tsarin asali, ɓangaren da ya fara bugu ne kaɗai ke samun maki, ana zuwa 11, da ratar biyu. A wasan 'yan bibbiyu alƙali yakan kira lamba uku: makin masu bugu, makin masu karɓa, da ko mai bugu na ɗaya ne ko na biyu, shi ya sa ake buɗe wasa da "sifili, sifili, biyu". Mu da muka saba muna jin daɗinsa, domin yana ba wanda aka yi wa rata damar farfaɗowa. Amma baƙon da ya kunna talabijin ba ya gane shi, kuma ba mai iya cewa wasa zai ɗauki minti goma ko rabin awa, tunda ana iya karɓe bugu daga hannu zuwa hannu ba tare da allon maki ya motsa ba. MLP ta yi amfani da tsarin da kowace fafatawa ke haifar da maki. Ƙwallon raga ta koma irin wannan a ƙarshen shekarun 1990, badminton a 2006. Ko a tsakaninmu ba mu yi ittifaƙi kan wanda ya fi ba. Abin da muka yarda a kai shi ne a zaɓi ɗaya, a buga gasar duniya akalla biyu da shi kafin a zo gabanki.

Dokar bugun farko ma ba ta zauna ba. A 2021 aka daina maimaita bugun da ya shafi raga ya faɗa daidai, a shekarar kuma aka yarda a saki ƙwallo ta yi tsalle kafin a buge ta. Aka hana murɗa ƙwallo da mabugi kafin bugu a 2022, aka hana murɗa ta da yatsu a 2023. Kowane gyara da dalilinsa, amma wasan da ke gyara dokarsa duk watan Janairu bai shirya wa zagayen shekara huɗu ba. A kulle littafin dokoki daga ranar da aka fara share fage har a gama gasa.

Alƙalanci shi ne inda muka fi jin kunya, tunda aikinmu ne. A mafi yawan gasanni 'yan wasa ne da kansu ke cewa ƙwallo ta fita ko tana ciki a ɓangarensu. Alƙali yana tsaye a gefen raga, idonsa na kan ƙafafu, saboda laifin da ya fi wuyar kamawa a nan yake. Layin kicin ɓangare ne na kicin. Wanda ya bugi ƙwallo a sama, ƙarfin bugun ya tura shi ya taka layin, ya yi laifi ko da ƙwallon ta riga ta mutu, ko da hularsa ce kawai ta faɗa ciki. Mutum ɗaya ba zai iya kallon ƙafafu takwas a layi biyu, ya duba ko mabugi ya haɗu da ƙwallo ƙasa da ƙugu a bugun farko, ya riƙe lissafi, sannan ya ga ƙwallon da ta sauka a layin baya ba. Wasan lambar yabo yana buƙatar alƙalai biyu a raga, kowa da layin kicin ɗinsa, da masu duba layi ko na'urar da aka gwada ingancinta a kan wannan ƙwallon, da kyamara ƙasa-ƙasa a saitin kowane layin kicin. Takardar shaidar alƙalanci kuma ta zama ɗaya, a riƙa koyarwa da jarrabawa a harsuna fiye da Turanci.

Kan ƙwayoyin ƙara kuzari ba sai mun tsawaita ba, dokarki a fili take: babu amincewa sai an bi kundin WADA, hukumar duniya mai yaƙi da su. Sa hannu a takarda dai ba shi ne bi ba. A nuna jerin manyan 'yan wasan da ke sanar da inda suke don gwajin ba-zata, waɗanda suka san kuskure uku cikin wata 12 laifi ne, a kuma miƙa aikin ga hukumar gwaji ta ITA. Abu ɗaya ya keɓanta da wasan nan: yana da 'yan gasa masu shekaru da yawa, kuma wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari suna cikin haramtattu. In ba a kafa kwamitin likitoci mai ba da izinin magani tun da wuri ba, waɗanda za a fara kamawa marasa lafiya ne, ba 'yan maguɗi ba.

Mun san ƙofar gasar Olamfik ta Los Anjalis ta 2028 ta rufe tun taron kwamitinki na Mumbai a watan Oktoban 2023, inda aka ƙara kurket, da sikwash, da lakros, da ƙwallon tuta, da besbol tare da sofbol. Mun san birnin da ke karɓar baƙunci ba ya iya gabatar da wasa sai na ƙungiyar da kuka amince da ita, kuma gurbin 'yan wasa ba roba ba ne da za a yi ta ja. Sikwash ya nemi shiga sau da dama ana mayar da shi kafin ya samu, alhali yana da ƙungiyar duniya guda da zakaru daga Masar zuwa Pakistan zuwa Malesiya. Don haka ba mu zo neman alkawarin Birisben 2032 ba. In lokaci ya yi, pikilbol ba zai ci gurbi mai yawa ba: ƙungiyoyin bibbiyu 16 na maza da 16 na mata, mutum 64 ke nan, a fitar da wasan gauraye daga cikinsu. Wasan gauraye ma a nan ba ƙari ba ne, yana cikin manyan rukunan gasa tun asali. Amma dole a sa iyakar gurbin ƙasa guda, a ware wa kowace nahiya nata, in ba haka ba gasar cikin gida ta Amurka za a yi da tutocin Olamfik. Masu keken guragu ma dokar wasan ta riga ta tanadar musu tsalle biyu kafin bugu, kuma suna iya wasa tare da masu tsayuwa, abin da ya kamata a sanar da kwamitin wasannin nakasassu tun yanzu.

Kin riƙe ma'aikatar wasanni a Zimbabuwe, kin san gwamnatoci da yawa ba sa sakin kuɗi ko fili ga wasan da kwamitinki bai san da shi ba. Wannan ne ya sa amincewar ke da daraja, shi ne kuma ya sa muke tsoron ta faɗa hannun da bai shirya ba. Abin da muke roƙo a aikace shi ne sashen wasanni na ofishinki ya gayyaci ƙungiyoyin da suka rage, da USA Pickleball, da wakilan kamfanonin ƙwararru, da zaɓaɓɓun 'yan wasa maza da mata daga kowace nahiya, su zauna a Lozan. A ba su takarda ɗaya mai sharuɗɗan da muka ambata, a wallafa ta. A ba su shekara biyu. A tura masu sa ido zuwa gasar duniya ta farko da za su shirya a ƙarƙashin tuta ɗaya, a kuma ƙarfafa musu gwiwar neman gurbi a gasannin nahiyoyi da kuma gasar World Games, ta wasannin da galibi ba sa cikin Olamfik, da za a yi a birnin Karlsruhe na Jamus a 2029, inda za a ga ko gwajin mabugi da alƙalancin za su iya ɗaukar nauyin babbar gasa. In sun cika, a ba su amincewar wucin gadi. In ba su cika ba, a faɗi sharaɗin da suka gaza a bainar jama'a, don mambobinsu su san wanda za su tuhuma a zaɓe na gaba.

Allah ya taya ki riƙo.

Naki cikin girmamawa,
Wasu masu horarwa da alƙalan wasan pikilbol